Yadda aka gano cutar mantuwa a jikin mahaifinmu

Aikin hannun Baba ne ya fara tayar mana da hankali, tun kafin mu lura da mantuwar. Tela ne, ya haura shekara arba'in a kan keken ɗinki, kuma ko bayan da ya daina karɓar aikin mutane yakan ɗinka wa jikoki. Wata rana ya yanka riga, sai ya fitar da hannu biyu duk na ɓari ɗaya. Ya shimfiɗa su a kan tebur, ya juya wannan ya juya wancan. Ya san akwai abin da bai yi daidai ba, amma ya kasa gano shi. Daga ƙarshe ya naɗe yadin ya tura ƙarƙashin tebur, bai ce wa kowa uffan ba. Umma ce ta tsinto shi, kuma da ta duba sai ta tarar ba shi kaɗai ba ne a wurin.

Daga nan kowa ya fara tuno abin da ya gani ya yi shiru. Yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda. Sunayen kayan aikinsa sun fara kuɓuce masa, almakashi ya koma "wannan abin". Yana ɓoye kuɗi ya manta inda ya sa, sai ya ce an ɗauke masa, shi da bai taɓa zargin kowa a gidansa ba. 'Yan'uwa da dama suka ce ai tsufa ne, wanda ya haura saba'in dole ya yi mantuwa. Haka ne, tsufa yana kawo mantuwa, amma irin tasa daban take. Tsoho mai lafiya yakan manta sunan mutum, can an jima ya tuna. Baba kuwa hirar da aka yi da shi da safe ce take gogewa ɗungurungum, ko an tuna masa ba ta dawowa, kuma abin ya fara hana shi aikin da ya fi kowa iyawa.

Da na kawo maganar asibiti, Yayanmu ya yi mini tambayar da na san mutane da yawa suna yi a zuci. Ya ce, "To in an je aka ce ita ce, sai me? Cutar da ba ta da magani, mene ne amfanin sanin sunanta in ban da tayar wa tsoho hankali?" Ba rashin tausayi ne ya sa shi faɗin haka ba, tausayin ne ma ya yi masa yawa. Amsar da nake da ita a lokacin ɗaya ce: ba mu da tabbacin cewa ita ce.

Baba yana da hawan jini, lokacin duba shi ma ya yi, don haka da wannan dalili muka fita, kuma na gaya masa zan yi wa likita maganar mantuwar. Bai ji daɗi ba, amma bai hana ni ba. Na tafi da ɗan littafin da nake rubuta abubuwan da muke gani, kowanne da watan da ya faru, da jaka cike da duk wani magani da yake sha, har waɗanda ya saya da kansa ba da takardar likita ba. Likitan farko ya saurare mu, ya tura mu wurin likitar da ta ƙware a kan cututtukan tsofaffi.

Na ɗauka na'ura ce za ta ba da amsa. Ashe mafi yawan aikin tambaya ne, kuma ni aka fi yi wa. Likitar ta sa nas ta tafi da Baba awon jini da nauyi, ta riƙe ni, don kada in ji nauyin faɗin wasu abubuwa a gabansa. Yaushe abin ya fara? A hankali yake ƙaruwa, ko kuwa yakan tsaya wuri ɗaya sannan kwatsam ya gangara? Yana ganin mutane ko dabbobin da babu su? Yana kai duka ko ihu cikin barci kamar yana cikin mafarkin? Tafiyarsa ta canza? Yana faɗuwa? Fitsari yana kuɓuce masa? Halinsa ne ya fara sauyawa ko tunaninsa? Ya taɓa buguwa a ka? Yana yawan zama shiru cikin baƙin ciki?

Sai daga baya na fahimci kowace tambaya ƙofar wata cuta take ƙwanƙwasawa, domin cutar mantuwa suna ne da ya tattara cututtuka da dama. Wadda ta fi yawa ita ce Alzaima, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu fama da matsalar. Tana farawa da mantuwar abin da ya faru kwanan nan, tana tafiya sannu a hankali. Akwai wadda lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke kawowa, bayan shanyewar ɓarin jiki ko shekaru na hawan jini da ciwon suga, ita ce takan sauko mataki-mataki. Akwai ta Lewy, mai zuwa da gane-gane, da sandarewar jiki, da hankalin da yake zuwa yana tafiya a yini ɗaya. Akwai wadda take cin gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, ta fara da sauya halin mutum ko maganarsa, kuma sau da yawa takan kama waɗanda ba su kai shekara 65 ba. Tambayar tafiya da fitsari kuwa saboda taruwar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa ce, wanda a wasu lokuta tiyata take gyarawa. Duk waɗannan, mara lafiyar ba zai iya ba da labarinsu daidai ba. Sai wanda yake kwana yake tashi da shi. Likitar ta daɗe a kan littafina fiye da yadda ta daɗe a kan kowace takarda da aka kawo mata daga baya.

Sannan aka shigo da Baba. Kafin ta fara, ta tambaye shi iya karatunsa, da harshen da ya fi sakewa da shi, da ko yana jin ta sosai, domin wanda bai yi karatu mai zurfi ba ko kunnensa ya yi nauyi yana iya faɗuwa gwajin alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Gwajin da ta yi amfani da shi shi ne MMSE, wanda aka fito da shi tun 1975, maki 30 ne. Yau wace rana ce, wane wata, ina muke. Ta faɗi kalmomi uku ta ce ya riƙe, za ta tambaye shi an jima. Ta ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari. Lissafin bai ba shi wuya sosai ba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin awo. Da ta dawo kan kalmomin uku, ko ɗaya babu. Duk tambayar da ta gagare shi sai ya waiwayo ya dube ni, kamar in ceto shi, ni kuwa an riga an roƙe ni kada in sa baki.

Sai ta miƙa masa farar takarda ta ce, "Baba, a zana mini agogon bango, a sa lambobinsa duka, a nuna ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma." Da'irar da ya zana ta fita tsaf, hannun tela bai manta ba. Ya sa 12 a sama. Daga nan lambobin suka fara cunkushewa a ɓarin dama, kafin ya kai rabin da'irar ya riga ya rubuta 11, ɓarin hagu fayau babu komai. Ya tsaya da biro a hannu. Ya san hannun agogo biyu ne, amma ya rasa inda minti goma yake, sai ya ja layi zuwa lamba 10. Ya ajiye biron a hankali ya ce, "Idona ne ba ya gani sosai yau." Likitar ta ce, "Ba komai Baba, an gode, an yi ƙoƙari." Ni kuwa na kasa ɗago kai. Wannan ɗan zane yana gwada abubuwa da yawa lokaci guda: tuna yadda agogo yake, tsara wuri, da juya "minti goma" ya zama lamba 2. Abin da ya gagare shi a takardar shi ne abin da ya gagare shi a kan yadi.

Ba ta ambaci sunan kowace cuta a ranar ba. Ta ce sai an fara kawar da abubuwan da suke kwaikwayon cutar kuma suna warkewa. Aka ɗebi jini don duba bitamin B12, da aikin tayirod na maƙogwaro, da suga, da ƙoda, da hanta, da gishirin jiki. Ta yi masa tambayoyin ciwon damuwa, wanda a tsofaffi yakan zo da mantuwa har a ɗauka ƙwaƙwalwa ce ta lalace. Ta zazzage jakar magunguna a kan tebur, ta ware wani maganin mura da ƙaiƙayi mai sa barci da Baba ya mayar abin sha kowane dare, ta ce irinsa yana dusashe tunanin tsofaffi, a daina. Ta tura mu gwajin ji, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI.

A nan ne na fara samun amsar tambayar Yaya. B12 ɗin Baba ya yi ƙasa, aka sa shi a allura. Kunnuwansa biyu sun yi nauyi fiye da yadda muka zata, ashe wasu maganganun da muke cewa ya manta, tun farko bai ji su ba. Da aka gyara waɗannan aka cire maganin barcin, ya ɗan warware, ya fi shiga hira. Mantuwar dai tana nan. Amma akwai mutanen da matsalarsu gaba ɗaya ɗaya daga cikin waɗannan ce, ko jini da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita, kuma suna zaune a gida an ce gigin tsufa ne. Wannan abu yana damuna har yanzu.

Ranar da muka koma karɓar sakamako, likitar ta juyo mana da allon kwamfuta. Ta nuna wani ɗan sashe a kowane gefe na ƙwaƙwalwa, can ciki daura da kunne, wanda ake kira hifokamfas, ta ce nan ne ake ɗaure sabon abu kafin ya zama abin tunawa, kuma na Baba ya motse fiye da yadda shekarunsa za su sa. Ta nuna wasu fararen ɗigo-ɗigo, ta ce sawun hawan jini ne a ƙananan jijiyoyi. Hukuncinta shi ne Alzaima haɗe da lalacewar jijiyoyin jini, a matakin farko zuwa tsakiya, kuma ta ce haɗuwar biyun abu ne da ake yawan gani a masu shekaru. Ta kwatanta masa da abin da ya sani: littafin awonsa, tsofaffin shafuka suna nan da rubutunsu, sabon shafi ne ya daina kama tawada.

Na tambaye ta yaushe ya kamu. Ta ce da daɗewa. Wani furotin mai suna amiloyid yana taruwa a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wani mai suna tau yana cukurkuɗewa a cikinsu, kuma wannan yana farawa shekara goma zuwa ashirin kafin a ga alama ta farko. Ƙwayoyin suna daina isar da saƙo ga juna, sannan su mutu, lalacewar ta tashi daga wurin tunawa ta bazu zuwa wurin magana, da gane hanya, da yanke shawara, a ƙarshe har haɗiya da tafiya. Waɗannan tarkace biyu su ne likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906 bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ya fara gani a asibiti a Farankfot tana da shekara 51. Yau fiye da mutum miliyan 55 ne suke rayuwa da cutar mantuwa a duniya, ana samun kusan miliyan 10 sababbi kowace shekara.

Baba ya saurari duk wannan shiru. Sai ya ce, "Likita, haukacewa zan yi ke nan?" Ta matso da kujerarta ta ce, "A'a Baba. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kamar yadda ciwo yake kama zuciya ko ƙoda. Mantuwar za ta ƙaru, ba zan ɓoye muku ba. Amma a hankali take tafiya, kuma akwai abin da za mu yi." Ya gyaɗa kai. A hanyar komawa ya ce mini, "Ashe ba sakaci nake yi ba." Ya daɗe yana zargin kansa shi kaɗai, yana ɓoye yadi a ƙarƙashin tebur. Na gaya wa Yaya wannan maganar da daddare, ya yi shiru a waya har na ɗauka ta katse.

Maganin da aka fara ba shi shi ne donepezil. Kafin nan sai da aka auna bugun zuciyarsa, domin yana iya rage gudunta. Aikinsa shi ne hana rushewar wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke aika saƙo da shi kuma yake ƙaranci a wannan cuta. An fara da miligiram 5, bayan an ga jikinsa ya karɓa aka kai 10. Makonnin farko ya yi fama da tashin zuciya da mugayen mafarkai, sai likita ta mayar da shan maganin safe maimakon dare, abin ya lafa. Akwai 'yan'uwansa biyu, rivastigmine da galantamine, na farkon har da na mannawa a fata ga wanda cikinsa bai jure ƙwaya ba. Babu ɗayansu da yake tsayar da cutar. Suna ɗan ɗaga mutum ne na wani lokaci, wasu ma ba sa ganin bambanci. A wurin Baba, abin da muka gani shi ne ya fi natsuwa, kuma gangarowar ta yi sauƙi na tsawon watanni. Ban raina wannan ba.

Yaya, wanda a da ba ya son a je asibiti, shi ne ya koma mai bincike. Ya zo da labarin sababbin magungunan da aka amince da su a Amurka, lecanemab a 2023 da donanemab a 2024, waɗanda suke share amiloyid ɗin kansa. Likitar ta yi mana bayani ba tare da ta kashe mana gwiwa ko ta ɗaga mana buri ba. Ta ce yawanci ta jijiya ake ba da su kamar ƙarin ruwa, ga waɗanda suke matakin farko sosai, bayan an tabbatar da amiloyid ta hoto na musamman ko ruwan ƙashin baya. A gwajin lecanemab na wata 18, ya rage saurin lalacewar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, bai dawo da abin da ya tafi ba, kuma yana iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ta maimaita hoto. Da yanayin jijiyoyin Baba da matakin da ya kai, ta ce bai dace da su ba.

Abin da ta fi nanatawa shi ne abin da ya fi kama da ba magani ba: a riƙe hawan jinin da kyau, a sa na'urar ji, a canza tabarau, ya riƙa tafiya a ƙasa kullum, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024, ciki har da rashin ji, da hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da kaɗaici, da rashin motsa jiki, waɗanda ya ce da za a magance su ana iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. Mu 'ya'yansa duk mun je an auna jininmu bayan wannan.

Akwai daren da ba zan so wani ya shiga irinsa ba tare da sani ba. Baba ya kwanta yadda ya saba, tsakar dare ya tashi bai san Umma ba, yana fizge-fizge, yana cewa akwai mutane a ɗakin. Wani daga cikin dangi ya ce cutar ce ta kai ƙarshe, a nemo maganin da zai kwantar da shi. Amma likitar ta riga ta gargaɗe mu: cutar mantuwa ba ta tsalle a dare ɗaya, duk rikicewar da ta zo kwatsam a nemi dalilinta a jiki. Muka kai shi asibiti, aka tarar ƙwayoyin cuta ne a mafitsara, ga ƙarancin ruwa a jiki. Da aka magance su ya dawo hayyacinsa, ko da yake bai koma daidai inda yake a da ba. Ciwon da ba a gano ba, da taurin bayan gida, da zazzaɓi, da sabon magani, duk suna iya jawo haka ga mutumin da ba zai iya cewa "nan ke mini ciwo" ba. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali kuwa suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga tsofaffi masu wannan cuta, kuma ga mai nau'in Lewy suna iya yin mummunar illa. Ana ba da su ne in an rasa yadda za a yi, kaɗan, na ɗan lokaci, a ƙarƙashin idon likita.

Sauran jinyar a gida take, kuma mu aka koya wa ita. Da yamma in rana ta fara faɗuwa Baba yakan rikice, ya ɗauki takalmi ya ce zai tafi gida, alhali yana cikin gidansa. Wani lokaci ya tambayi mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun ina ƙarama. Gardama ba ta kai ko'ina, kuma in aka ce masa ta rasu sai ya ji mutuwar sabuwa fil, ya yi kuka, an jima ya sake tambaya. Yanzu nakan ce, "Baba, kun tuna da ita ne? Ku ba ni labarinta." Sai ya zauna ya bayar, tiryan-tiryan, har da abin da ban taɓa ji ba. Muna kunna fitilu tun kafin duhu, muna rage hayaniya, muna yi masa tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Mun daina cewa "ba yanzu na gaya muku ba?", domin yakan manta maganar amma ɓacin ran ya kwana da shi. Yanka ya gagare shi, amma in aka ba shi allura da zare da bakin zane yana kalmasa shi daidai, don irin wannan ƙwarewa ta hannu tana daga cikin abin da cutar take jinkirin taɓawa.

Sanin sunan cutar ya ba mu damar yin wasu abubuwa tun yana iya faɗin ra'ayinsa. Ya zaɓi wanda zai riƙa kula da kuɗinsa da takardunsa, aka rubuta a gaban shaidu. Ya yarda ya bar tuƙi, da ƙyar. An sa kati mai lambar wayarmu a aljihun kowace rigarsa. Likitar kuma takan juya ga Umma a kowane zuwa ta tambaye ta barcinta da hawan jininta, domin mai jinya yakan faɗi kafin mara lafiya. Da ita muka tsara yadda za mu riƙa karɓar Umma, wasu darare ni, wasu Yaya, wasu ƙannenmu.

A zuwanmu na baya-bayan nan makinsa na gwajin MMSE ya ƙara sauka, kuma ya fara buƙatar a jera masa tufafi bi da bi kafin ya iya sawa. Likitar ta ƙara masa memantine, wanda ake bayarwa daga matakin tsakiya zuwa sama, aka fara da kaɗan ana ƙarawa mako-mako bayan an duba ƙodarsa. Ta ce mu fara lura da ko yana ƙwarewa in yana shan ruwa, da ko nauyinsa yana raguwa, mu kawar da duk abin da zai iya sa shi tuntuɓe tsakanin gado da banɗaki. Na buɗe sabon shafi a littafin don waɗannan ukun, za mu kai mata bayan wata shida.